Zaman Makoki a Bakin Ƙaya

Shekarun baya da nisa, tun Nasara na mulkin ƙasar nan, na yi aikin anfirme a asibitin Dogon Dutsi, wato ƙaramin ma'aikacin asibiti mai wanke gyambo da yi wa mutane lambar rigakafi. Ina saurayi a lokacin, an ba ni kaki da hula, ina tafe ina jin kamar daga kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, sai ni. Ko gaisuwa sai na zaɓi wadda zan amsa. Wata shekara da rani ya tsaya, sai agana ta shigo Arewa. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba, Allah kada ya nuna muku. Ƙuraje ne ke feso wa mutum tun daga fuska har tafin ƙafa. Wanda ya tashi, ya tashi da zane a fuska ko da makanta, da yawa kuma ba su tashi ba.

Lokotoronmu, wato babban likita, ya kira ni ya ce maganin lamba da ke hannunmu kaɗan ne, kuma kafin wani ya iso daga Yamai sai an jima. Yana so ya san inda cutar ta yi ƙarfi da inda ba ta kai ba, don a san inda za a fara idan maganin ya zo. Ya ba ni doki da ɗan akwatin magani, ya ce in fara daga Sukukutane, in gangaro kudu in zaga Geceme da Dumega, in ga komai da idona in dawo in faɗa masa. Na yi murna ƙwarai, domin ƙauyenmu yana kusa da Dumega, kuma na daɗe ban ga mahaifiyata ba. Har na shirya yadda zan shiga gari a kan doki, mata na leƙe ta saman darni.

A wajen Sukukutane abin bai yi tsanani ba. Garuruwan suna nesa da juna, rairayi ne tsakaninsu, sai ka samu gida ɗaya ko biyu da ciwon, sauran lafiya lau. Fulani kuwa da jin labari suka kaɗa shanunsu suka nausa daji. Na iske rugage da yawa babu kowa, sai toka da kashin shanu. Wani dattijo da na hango ya ɗaga mini sanda daga nesa, ya ce in tsaya inda nake, lafiyarsu ƙalau, in gaida mutanen gari. Na tsaya kuwa, da kakina da hulata.

Da na gangaro cikin dallol, wato kwarin da ƙauyuka ke manne da juna, kowa surukin kowa ne, nan na ga tashin hankali. Akwai garin da na shiga ban ji ƙarar turmi ko ɗaya ba. A nan maganina ya ƙare, na ci gaba da yawo da akwati babu komai a ciki. Duk inda na sauka nakan tambayi wanda ciwon ya fara kamawa, kuma amsar kusan ɗaya ce: wance ce, ta je gaisuwar mutuwa garin kaza, ta kwana biyu, ta dawo da zazzaɓi. Na bi sawun abin ƙauye bayan ƙauye kamar mai bin ɓatacciyar akuya. Zumunci ne ke ɗauke da shi.

Amma a tsakiyar wannan wuta akwai ƙauyukan da ko mutum ɗaya bai kwanta ba, alhali daga bakin rijiyarsu kana hango rumbunan maƙwabtan da suka ƙare. Su waɗannan suna da wata al'ada tun ta kakanni. Da an ji agana ta kusa, sai tsofaffi su sa a saro ƙaya a tare kowace hanyar shiga gari. Baƙo ba ya shiga, ɗan gari da ya fita ba ya dawowa sai ruwan fari ya sauka. Kuma wanda agana ta kashe ba a yi masa kuka, ba a zaman makokinsa, sun ce iskar da ke tafe da ciwon tana jin kuka ta biyo shi.

Da farko na yi fushi, na yi ta faɗa da faransanci a gaban ƙaya, babu wanda ya kula ni. Sai su aje mini tuwo a sakaina a gindin itace su ja da baya, in na gama su ce in fasa ta da kaina. Garin da ciwon ya shiga ba su da sukunin hira da ni, garin da bai shiga ba suna gudu na. Na daɗe ban sha hannu da kowa ba. Ni da nake zaɓen gaisuwa, sai ga ni ina ba doki labarin gidanmu, ina jiran ya kaɗa kunne. Kaɗaici ya ci ni a tafiyar nan, ba kaɗan ba.

Ƙauye na ƙarshe kafin namu, can ƙanwar mahaifiyata ke aure. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma ƙanwar ce ta goye ni ina jariri. Na same ta a kwance, ban gane fuskarta ba sai da ta yi magana. Ta cika ina zaune a bakin ƙofa. Wata tsohuwa mai zanen agana a fuska ta yi mata wanka, muka kai ta mu kaɗan.

Na kama hanyar gida hantsi ya ɗaga, ina tafe ina lissafin abu ɗaya. Mahaifiyata ba ta da lamba. Ni mai tsaga wa duniya damtse, tawa uwar duk ranar da masu lamba suka zo sai ta shige daji neman itace. Na kuma san halinta, in ta ji labarin nan babu abin da zai hana ta tafiya.

Na iske ƙaya a bakin garinmu. Ban taɓa murnar ganin an tare mini hanya ba sai ranar. Na ɗaure doki, na kira wani mai wucewa na ce ya turo mini ita. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun tasowata ba ta kiran sunana, ba ta doguwar magana da ni, ko kallona sai ta gefen ido. Ta zo ta tsaya nesa kaɗan, tana duban ƙafafun doki. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, sai haƙuri. Ƙanwarki Allah ya yi mata cikawa."

Ta tambayi wanda ya wanke ta, na faɗa mata. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Ɗauke min ƙayag ga."

Ban taɓa yi mata musu ba a rayuwata. Na ce, "Ba ni ɗaukewa, Inna. Duk garin da niz zaga, ta hanyag ga ciwon yash shiga. In kin tahi, ni ka zuwa in iske ki yadda niy iske ta, kuma akwatin ga babu komi ciki."

Ta juya ta koma cikin gari. Na zauna a ƙasa, na ce shi ke nan, ko ta yi fushi da ni har abada, ko kuma ta bi ta bayan gonaki ta fice. Ina nan zaune sai ga ta da tabarma a hammata. Ta shimfiɗa ta a nata gefen ƙayar, ta zauna ta miƙe ƙafafu yadda mata ke yi a gidan rasuwa. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "To zamna. Kai kag gan ta, kai za ka yi min gaisuwa."

Haka muka wuni. Na yi mata gaisuwa kamar baƙo, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Mutanen gari suna wucewa daga nesa suna kau da kai, domin abin da take yi al'ada ta hana, amma babu wanda ya iya zuwa ya tashe ta, babu kuma wanda ya iya zuwa ya zauna da ita. Ta yi ta ba ni labarin yarintarsu, yadda suke faɗa a kan ludayi, yadda ƙanwar ke tsoron jaki. Hawaye na zuba, ba ta bari sauti ya fita ba. Ina da ruwa a gora, ban isa in miƙa mata ba. Da la'asar ta yi sanyi ta naɗe tabarmarta, ta ce Allah shi kai ni lahiya, ni kuma na hau doki na nufi Dogon Dutsi.

Na faɗa wa lokotoro abin da na gani, da magani ya iso aka fara da ƙauyukan dallol. Agana ba ta shiga garinmu ba. Mahaifiyata ta rayu har ta goyi ƴaƴana, amma ba ta ƙara taka ƙauyen ƙanwarta ba, ko biki ko suna, kuma ba mu taɓa tada zancen ranar nan ba.

Na san daidai na yi, ban taɓa shakka ba. Sai dai sanin hakan bai rage mini komai ba. Yanzu da tsufa ya kama ni, jikokina na yi mini tsiya wai ba a rasuwa a unguwa ban riga kowa zuwa ba, kuma sai an share wuri nake tashi. Uwata ta yi makokin ƴar'uwarta da mai gaisuwa ɗaya tak, shi ma bai iya matsowa kusa da ita ba.