Shekarar da Muka Jira Motar Abuja

Shekarar da kiwon salwa ya shigo Keffi, har da ni a cikin waɗanda suka zare. Tsuntsuwa ce 'yar mitsitsiya, ƙwanta mai ɗigo-ɗigo bai fi kan babban yatsa ba, amma aka ce yana maganin hawan jini, da ciwon suga, da mantuwa, har da abin da ba a faɗa a gaban yara. Sunan ma ya taimaka. Wani malami a unguwarmu ta Tudun Ƙofa ya tuna mana cewa ita ce aka saukar wa Bani Isra'ila daga sama. To wa zai tsaya ciniki da abincin sama?

Maigidana ma'aikacin sakatariya ne, ko kaza bai taɓa kiwatawa ba, amma ya sayar da babur ɗinsa ya cika mana tsakar gida da keji. Ni na riƙa miƙa masa ƙusa. Ina shara ina waƙa, na zaɓi launin motar da za mu saya, har na yi wa ƙanwata alkawarin kujerar Makka. Daɗi nake ji, wallahi, irin wanda ban ƙara jin kamarsa ba.

'Yan tsakin kuwa tun ba su bushe ba ake rububinsu, don duk wanda ya ga maƙwabcinsa ya fara sai ya ce ba za a bar shi a baya ba. Ƙwan ne dai ya ƙi motsi. An ce manyan otal-otal na Abuja za su aiko mota ta kwashe. Kullum motar tana hanya.

Mu kuma ba a san mu da kukan kasuwa ba. Ka tambayi mutum, “Ya kasuwa?” ko da gobara ce ta cinye shagon zai ce, “Sai godiya.” Haka gari guda muka yi ta gaisawa, kowa na ganin shi kaɗai ne motar ba ta biyo ta ƙofarsa ba, kowa na ɓoye ƙwai a ƙarƙashin gado.

Sai maigida ya gano inda matsalar take: wai ba mu da yawa ne, injin ƙyanƙyasa muke buƙata. Yana faɗa yana kallon keken ɗinkina. Keken nan marigayiya mahaifiyata ta bar mini, a kansa na koyi ɗinki, har yanzu akwai tabon man kaɗanyar hannunta a jikin katakon. Raina bai so ba, amma bakina ya ce, “To, sai yadda ka gani, Maigida.” A wajena wannan a'a ce. Na ɗauka ya ji.

Ana haka aka yi suna a unguwar Yara, gidan wata ƙawata. Kowace mace ta zo da kular abinci a matsayin gudummawa. Na buɗe tawa: dafaffen ƙwan salwa. Ta kusa da ni ta buɗe, shi ne. Ta gaba ma shi ne, an dai yaryaɗa masa yaji. Can kakar jaririn ta leƙa kulolin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Yaran nan, ku ma motar Abuja kuke jira?”

Wayyo! Muka fashe. Wata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki. Wata ta ce 'ya'yanta sun ci ƙwan nan har in sun ga faranti sai su gudu. Wata matar makanike, 'yar kudu, tana share hawaye tana cewa, “Una no go talk since?” wato me ya hana mu faɗa tun tuni. Na yi dariya har ɗankwalina ya faɗi.

Ban jira rabon goro ba, na tare ɗan acaɓa. Duk hanya ina ƙyalƙyatawa ni kaɗai, ina shirya yadda zan ba maigida labari, yadda zan ce masa a bar maganar inji.

Na ɗaga labule na shiga. A kusurwar da keken yake zama sai sawun ƙafafunsa a kan leda, ga wani ƙaton kwali sabo fil a gefe. Maigida na tsaye a kansa, ya sha gumi, yana murmushi kamar ango.

Ya ce, “Maman yara, kin dawo? Ya taro?”

Na dubi sawun nan. Na ce, “Sai godiya.”