Shekarar da na tsaya wa ƙanena

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba aka sako ƙanena daga gidan kaso. Soja ke mulki a lokacin. Shekara shida alƙali ya yanke masa, ya yi huɗu, aka ce ragowar biyun zai yi su a waje in an samu wanda zai tsaya masa.

Kafin a kama shi malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Wata ɗalibarsa ya lalata, yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya. Ba ƙazafi aka yi masa ba. Da bakinsa ya amsa gaban alƙali, ina zaune a bencin baya ina ji.

Innarmu tana Tibiri, can ya kamata ya koma. Amma iyayen yarinyar sun maida ta wurin kakarta a Tibiri tun bayan shari'ar, doka kuma ta hana shi zama garin da take. Babanmu ya rasu, ƴan'uwan baba kuwa kowa ya ce ba ruwansa. Sai Inna ta shigo mota ta zo mini Jiratawa, inda nake aure, ta zauna bakin murhu ko mayafi ba ta cire ba.

"Ke kika goye shi," in ji ta. "In ba ki tsaya masa ba, can zai mutu. Kin ga yadda ya koma? Tuwon da ake ba su bai cika tafin hannu ba."

Na ce, "Inna, ɗiya uku gare ni, duk mata."

"Ɗiyan yayarsa? Haba ke kuwa. Abin da ya faru shaiɗan ne, kuma ya wuce."

Maigidana direban babbar mota ne, a shekarar hatsin taimako yake ɗaukowa daga kudu, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Da ya dawo na gaya masa abin da Inna ta zo da shi. Daga baya ya ce, "Ba zan raba ki da ƙanenki ba. Amma ba zai kwana cikin gidana ba, kuma duk abin da ya faru ke zan tambaya."

Ranar da aka sake shi na je ofishin da aka kira ni. Sakataren, wani dattijo mai tabarau, ya karanta takardar da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa, ko da yake na yi lakwal ina ji. Zai zauna Jiratawa, a hannuna. Duk Litinin zai sa hannu a littafi ƙofar gidan sarkin garin, jandarma za su riƙa dubawa. Ba zai shiga Maraɗi ba sai da takardar izini, Tibiri kuwa ko da izini. Ba zai koyar ba, ba zai kusanci makaranta ba. Sau ɗaya a wata zai ga likitan ƙwaƙwalwa. In ya karya ɗaya daga ciki, wajibi ne in kai rahoto, shi kuma ya koma ya ƙarasa shekarunsa.

Na ce, "Malam, ina da yara mata a gida. Me takardar ta ce a kansu?"

Ya sake bin layukan da yatsa. "Makaranta ta ce, madan. Ba ta yi maganar gida ba."

"To ni yaya zan yi?"

"Ke kika san gidanki. Sa hannu nan."

Na sa. Aka fito da shi da ƴar jakar leda. Ya rame har wuyan rigarsa na zamewa, haƙoransa biyu na gaba babu. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, na gode." Na karɓi ledar, muka fita.

Bukka na sa aka yi masa da kara a bayan katangarmu, ƙofarta na kallon hanya, yadda duk mai wucewa zai ga ciki. Na kafa masa nawa sharuɗɗan. Ba zai ƙetare zaure ba. Abincinsa ni zan kai da hannuna. Ba zai aiki ɗiyana ko ɗebo ruwa ba, ba zai ba su komai ba. Ya saurara kansa a ƙasa, ya ce ya ji.

Babbar ɗiyata shekararta sha biyu. Ita na zaunar na gaya wa gaskiya, da kalmomin da zan iya. Ta tambaye ni, "To me ya sa kika kawo shi?" Na ce don ƙanena ne. Ta dube ni, ta tashi ta ci gaba da daka. Daga ranar ta daina barin ƙannenta su fita su kaɗai, ko bayan gida ita ke raka ƙaramar. Ban sa ta ba.

Watannin farko lafiya lau. Yana salla a sahun baya, yana gyara wa mutane rediyo, yana karanta wa tsofaffi wasiƙun ƴaƴansu da suka tafi ci rani. Garin ya san laifinsa, don ba a sa hannu ƙofar sarki duk Litinin a ɓoye. Wasu matan suka daina turo yaransu gidana sayen ƙuli. Wasu kuma suka ce ai mutumin kirki ne, ga ladabi ga ilimi. Wani lokaci in na kai masa tuwo sai mu ɗan yi hira, ya tuna mini yadda nake ɗora shi kan jakin baba in za mu gona, har in yi dariya. In na koma cikin gida sai dariyar ta dame ni.

Ganin likita ni ke raka shi, da takardar izini a hannu. Karo na farko likitan ya rufe ƙofa da shi kusan awa guda, ya ba shi wasu fararen ƙwayoyi masu sa shi barci da rana. Karo na biyu ma haka. A na uku muka tarar an tura likitan arewa, inda yara ke mutuwa. Farfajiyar asibitin cike take da mata a kwance da jarirai masu manyan kawuna. Wani ma'aikaci ya karɓi katinsa, ya buga hatimi, ya miƙo.

Na ce, "Maganin fa?"

"Ya ƙare. Yana duka? Yana fizge-fizge?"

"A'a."

"To ki gode wa Allah. Na gaba."

Haka muka ci gaba, wata bayan wata, muna zuwa a buga hatimi mu dawo.

Da sanyi ya shigo, mutanen arewa suka fara sauka a gefen garinmu, kusa da gonakin noman rani, saboda nan ne kawai ake ganin kore. Dabbobinsu sun ƙare. Yawancinsu mata ne da yara, mazan sun wuce kudu. Suka kafa ƴan rumfuna da buhu da tsumma. Da safe za ka ga mata suna tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Hukuma ta sa aka buɗe wurin dafa wa yara kunu da madarar gari, sau ɗaya a rana, ƙarƙashin wata itaciyar bedi. Ana bukatar mai rubuta sunayen yaran da Faransanci, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Wakilin sarki, mutumin da littafin Litinin ke hannunsa, shi ya ba ƙanena aikin.

A bakin wata maƙwabciya na ji. Na yafa zane na tafi. Na same shi zaune kan kujera, littafi a cinya, layin yara a gabansa har bakin hanya. Ya aske gemu, ya wanke riga. Yana kiran suna da irin muryar da na san shi da ita a da, muryar aji. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin a kama shi.

Na samu wakilin a gefe. "Ranka ya daɗe, ka san abin da ya kai shi kaso."

"Na sani, Hajiya. Amma wa zan sa? Malaman lakwal suna aji. Ga mata masu dahuwa, ga ni, ga jama'a. Me zai yi a gaban mutane?"

Da yamma na kai masa abinci na ce ya bar aikin.

"Yaya, ba makaranta ba ce. Takardar makaranta ta ce."

"Na san abin da ta ce."

"Shekara huɗu ina kwance cikin ƙazanta. Yau na samu abin da zan yi in ji ni mutum ne. Ana ba ni mudu biyu a sati, in rage miki nauyi. Kuma na warke. Wallahi na warke."

Ya yi kuka. Na tsaya da kwano a hannu, na ce a raina wataƙila gaskiya yake faɗi. Mudu biyun nan ma ba zan ce ban duba su ba, domin a lokacin mu ma sau ɗaya muke ɗora tukunya. Na ƙyale shi. Abin da na yi kawai, kullum in an fara rabo sai in je in tsaya nesa ina kallo.

A sati na uku na lura da wata yarinya. Ba za ta wuce shekara goma ba, doguwa, da ƙanenta a goye. Uwarsu na kwance ba lafiya, ita ke karɓar musu. Kullum sunanta ne na ƙarshe. In kowa ya watse sai ya sa a kankare mata ƙasan tukunya, ya tsaya yana yi mata magana tana murmushi. Na tambaye shi, ya ce tausayi ne, marainiya ce. Na ce ya kira ta a tsakiyar layi kamar kowa. Kwana biyu ya yi haka, ya koma yadda yake.

Wata Laraba bayan azahar, rana ta kori kowa cikin inuwa, na fito zubar da ruwan wanke-wanke. Sai na ga an saki tabarma a ƙofar bukkarsa. Tun da ya zo ƙofar nan ba ta da labule. A bakin ƙofar ga ƙaramin yaron nan zaune cikin ƙasa, an kwance shi daga goyo, yana tsotsar yatsa.

Na fizge tabarmar. Yarinyar na tsaye a tsakiyar bukkar, hannuwanta biyu cike da garin madara, tana lasa. Shi yana zaune bakin gado. Bai taɓa ta ba, iyakar abin da idona ya gani ke nan, kuma abin da ita ma ta gaya mini daga baya. Amma na ga fuskarsa, shi ma ya ga na gani.

Na ce da yarinyar, "Ɗauki ƙanenki, shiga cikin gida wurin ɗiyata."

Da ta fita ya ce, "Madara kawai na ba ta."

"Tabarmar fa?"

"Rana ce ta shigo."

Rana tana bayan bukkar a lokacin. Na juya zan tafi, ya riƙe bakin zanena.

"Yaya, in kika faɗa, mayar da ni za su yi. Ba zan fito da rai ba. Ki tuna Inna."

Na cire hannunsa. Na shiga gida na ce wa babbar ɗiyata ta sa sakata, kada ta buɗe wa kowa. Ban je wurin wakili ba, don na san zai ce a rufa asiri. Na fita bakin titi, babu mota, na kama tafiya. Na yi nisa sosai kafin wata motar itace ta tsaya mini. Duk hanyar ina shirya yadda zan juya in koma, har muka shiga Maraɗi.

Jandarman da na samu saurayi ne, yana cin gyaɗa. Ya ji bayanina ya ce, "To ai bai yi komai ba, madan." Na ce ya kira mini babbansu. Babban ya sa aka ɗauko takardar, ya karanta, ya tambaye ni sau biyu ko na san abin da maganata za ta jawo. Ya ce rabon kunu ba makaranta ba ce, amma zai rubuta wa alƙali, kafin nan kuma za su riƙe shi. Na sa hannu.

A motarsu muka koma. Ban yi zaton za mu same shi ba, iyakar ƙasa ba ta da nisa. Yana nan zaune ƙofar bukka, ya ɗaure kayansa cikin leda. Bai dube ni ba har aka tafi da shi. Mutane sun taru. Na ji wata tana cewa ba ta taɓa ganin wadda ta kira wa ɗan'uwanta soja ba. Bayan sati biyu alƙali ya soke sakin.

Na je Tibiri da kaina na gaya wa Inna. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ya taɓa ta?"

"A'a."

"To a kan me?"

Ta tashi ta shiga ɗaki ta bar ni a tsakar gida. Shekara uku ta ƙara a duniya. Ina zuwa gaishe ta, tana amsawa, amma ba ta sake cin abin da na kai mata ba, maƙwabta take ba.

Maigidana da ya dawo ya rushe bukkar, ya ce mu yi wuta da karan. Yarinyar da ƙanenta sun kwana huɗu wurina. Uwarsu ta samu sauƙi, da aka fara kwashe mutane ana mayar da su garuruwansu suka tafi. Ban san sunan garin ba.

Bai mutu a kaso ba. Ina aika masa da fura da ƙuli ta hannun wani direba, yana karɓa, bai taɓa aiko da saƙo ba. Da wa'adinsa ya cika na koma wurin sakataren nan na tambaya wa zai tsaya masa yanzu, kuma ina zai riƙa sa hannu. Ya ce babu. Wanda ya gama shekarunsa ya gama, ba sharaɗi, ba likita, ba rahoto. Tun shekaranjiya ma aka sake shi.

Na neme shi a tashar mota da wurin tsofaffin abokansa a Sabon Gari. Wani mai shayi ya ce ya ga ya shiga motar da ke zuwa iyaka. Bayan wasu shekaru wani abokin aikin maigidana ya ce ya hango mai kama da shi a wani gari can kudu, yana koya wa yaran wani attajiri Faransanci a gida. Na roƙe shi ya gano mini unguwar da sunan mai gidan. Ya ce zai bincika. Da ya sake komawa garin aka ce masa malamin ya tashi.