Shanun Barkiya a Kaset ɗin Malam Sada

Ina alwalar Azahar ɗan Malam Sada ya bugo waya daga Kurfi, ya ce mahaifinsa ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara goma sha ɗaya muna koyarwa a sakandare guda a Dutsin-Ma, shi lissafi ni tarihi, kuma har yau ban ga mai ɗokin abu kamarsa ba.

A ƙarshen shekarun 1980 ya samo wata 'yar kwamfuta da ake jonawa da talabijin, wasanninta a kaset suke. Akwai na tseren mota, titi sumul, ko rami babu. Malam Sada ya ce wannan ƙarya ce tsagwaronta. Wata biyu ya yi yana sauya wasan, har titin ya koma hanyar Kurfi zuwa Barkiya, motar ta koma a-kori-kura, ga shanu suna tsallakawa. Akwai wata ƙungiya a Legas da ke tara wasannin da aka yi wa kwaskwarima, ta raba wa mambobinta a faɗin ƙasa. Shi dai burinsa a ga sunan Kurfi a kaset ɗinsu.

Yakan ce, "Aikin da ba a gwada a hannun wani ba, ba a gama shi ba." Saura kwana goma ƙungiyar ta rufe karɓar wasanni, sai ya jawo Alhaji Mamman, direban da ke bin hanyar, ya zaunar da shi gaban talabijin. Alhaji ya danna hon, shanun suka watse. Ya ture kwamfutar gefe.

"Malam, waɗanga ba shanun Barkiya ba ne. Ina ruwansu da hon? Tsayawa kake har ta ƙarshe ta wuce, ka gaida mai su."

Ni sarkin gaggawa na ce, "Malam, aika haka nan kada lokaci ya ƙure maka. Wa zai sani a Legas?"

"Mamman ya sani," in ji shi, yana dariya har da tafi.

Ya kwance aikin ya sake, da kyar ya cim ma gidan waya. Ranar da kaset ɗin ƙungiya ya iso, da gudu ya shigo ofishin malamai, hula a hannu. Da sunan Kurfi ya fito a talabijin, har shugaban makaranta sai da ya miƙe tsaye. Na yi murna ƙwarai, na kuma ji kunyar shawarata.

Can sai ga wasiƙar wani mamba, wai wasan ya lalace, duk hon ɗin da ya yi shanun sun ƙi motsi. Malam Sada ya amsa masa da layi ɗaya: "Wasa lafiya lau yake, ka taka birki ka jira." Haka shi ma yakan taka birki ya jira ɗalibansa marasa saurin ganewa, haka ya yi mini, kuma ban taɓa gode masa ba.

Allah Ya gafarta wa Malam Sada, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya bai wa matarsa Hajiya Binta da yara haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa. Amin.