Kukan mai maganin maza a tashar Bawku

Shekarar da aka yi faɗan nan tsakanin Bimbilla da Salaga, doya ta yi tsada, a shekarar ce likitan Kumasi ya gano ciwon daji a marar taubashina. Alhaji ne, mai sayar da maganin ƙarfin maza a kasuwar Yendi. Tun muna samari yake kirana Malam Mai Kuka, don in ina rera waƙar wa'azi hawaye kan zubo mini.

Aka ɗora shi kan wata allura a fatar ciki, duk wata. Likita ya ce tana kwantar da ciwon, amma tare da mazakuta take kwantarwa. Sai zafi ya riƙa taso masa daga ƙirji, ko da ana ruwan sama, ya jiƙe sharkaf. Ƙirjinsa ya ɗan tasa. Abu kaɗan, sai hawaye.

Ya zo gidana, ya rufe ƙofa.

"Taubashi, in mutanen zangonmu suka ji, kasuwata ta mutu. Wa zai sayi maganin maza hannun mai kuka?"

Na ce, "Ka sha naka mana. Ba ka ce yana ta da tsoho daga tabarma ba?"

Bai yi dariya ba. Ya roƙe ni in tambayi Hajiyata yadda ta yi da irin wannan zafin da ta manyanta. Ta aiko masa da mafici, ta ce ya bar yaji da shayi, ya sa riga mara nauyi, ya ajiye jiƙaƙƙen tsumma a wuya ƙarƙashin rawani. Wai kuma a gaishe mata da ƙawa, tunda ciwonsu ya zama ɗaya.

Dabarar ta yi aiki kan gumi. Hawaye kam ba su jin tsumma.

Wata Juma'a na raka shi tashar motocin Bawku zai aika kaya. Ana ɗora wata akuya kan mota, ɗanta na ƙasa yana kiranta. Sai Alhaji ya fashe da kuka, har da shessheƙa, a gaban direbobi, rabinsu masu sayen maganinsa ne. Aka fara taruwa. Ya dube ni da jajayen idanu.

Wallahi na so in bar shi. Amma na yi gyaran murya, na ɗauko baitocin kabari da nake da su a ka, na rera da ƙarfi. Ni ma nawa hawayen suka zubo. Wani tsohon direba ya cire hula yana cewa, "Allahu akbar, dubi tsoron Allah wajen Alhaji!"

Ranar sai da direbobi suka saye maganinsa tas.

A hanyar gida yana fifita, ya ce, "To, faɗi abin da ke bakinka."

Na ce, "Alhaji Mai Kuka. Ni ko banza don Lahira nake yi. Kai don akuya."

Ya ce, "Na biya bashin sunan da na sa maka?"

Na ce ya biya. Har Allah ya karɓi abinsa, Malam kawai yake kirana.