Wakili Mai Yi wa Ruwa Sallama

"Tabki? Ɗakin Innata ne ka kira tabki, Malam?"

"Baba Wakili, rage murya, baƙi na ji."

"Su ji! Dama don su ji aka tara su."

Haka na iske su ranar bikin littattafai da aka yi a Yelwa, a ɗan ofishin da ke bayan zauren taro. Ni ruwan alwala na je nema, sai kunnena ya ƙi wucewa. Tunda aka ba mu jiharmu ta Kebbi kowa ya tashi rubuta tarihi, har waɗanda kakansu ma ba su san inda ya fito ba. Na san su, amma ba tasu nake yi yau ba.

Yau ta Wakili nake yi, Bagunge, ɗan tsibiri, mai kwalekwale. Da an sallame asuba zai gangara bakin ruwa, ya kwashe ruwan da ya kwana a jirgi da ƙoƙo, ya ɗauki mata 'yan kasuwa. Matarsa Indo ta ce jirgin ya fi ta ganin haƙoransa. In marubuta suka zo neman garuruwan da ruwan Kainji ya cinye, wurinsa ake tura su. Zai yi ta tuƙi har tsakiyar ruwa, inda ba ka ganin komai sai ruwa, ya ɗaga filafili, ya cire hula, ya ce, "Salamu alaikum, mutanen Gungun Marka." Garinsu ke nan, yana can ƙarƙashin ruwa. Kuma ba mai buɗe baki sai ya ɗan dakata, kamar mai jiran a amsa. Jummai mai kifi ta taɓa ganin wata baƙuwa daga jami'a ta fara dariya, ta ƙare da share ido da gyale.

Malam Ishaya, tsohon malamin makaranta, shi ya fi kowa shiga jirgin nan. Mutumin kirki ne, ban da rowar goro. Abu ɗaya Wakili ya roƙe shi: sunan garinsu ya shiga littafi. Yanar ido ta fara rufe masa gani, bana zai aje filafili, 'ya'yansa kuwa a gidajen siminti na gwamnati aka haife su, gungun ba su san shi ba.

Kai ne, Wakili, ka kai masu alƙalami inda alƙalaminsu ya sha. Kai ne ka tsamo jakar Malam ranar da igiyar ruwa ta kife ku, ka bar buhun geronka ya nutse. Gwarzon ruwa, mun gode, Allah shi saka maka. Ku samari masu jirgin inji, ko sallamar ku koya, kodayake na san da iska nake magana. Waɗanda suka san garin ana ta binne su, sauran kuma haƙora sun zube, ba a gane abin da suke faɗi.

To, littafi ya fito. Wakili ya sa rigar sallarsa, ya zauna gaba, ya ga hoton da aka ɗauka daga cikin jirginsa, daidai kan gidansu. Ya sa aka karanta masa abin da ke ƙasan hoton: Tabkin Kainji. Iyakarsa ke nan. Shi ne ya bi Malam har ofishin nan.

"Kwamiti ne, Baba," in ji Malam Ishaya, yana murza hula. "Sun ce sabuwar jiha, a rubuta garuruwan da baƙo zai iya zuwa ya gani. Wallahi na yi gardama."

"Kai ba ka je ba? Ba ka yi sallama ba?"

"Na yi."

"Tabki ka yi wa?"

Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce, "In an sake bugawa zan sa sunan, in Allah ya yarda."

"In an sake, wa zai kai ka?"

Malam ya miƙa masa littafin, wai kyauta. Wakili ya karɓa, ya kawo shi dab da idonsa, ya daɗe yana duban ruwan nan. Sai ya aje shi bisa tebur a hankali, ya laluba ya fita, ya maka ƙofar, har sai da mai jawabi a zaure ya yi shiru.