Tutar Egya Bentsil

Ni da Kobina Bentsil benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan, zamanin da ake duba farce kafin addu'ar safe. Ni na zama malami, shi ya zama tela. A duk gaɓar tekun Sakondi ba a yi mai ɗinka tutar asafo, wato rundunar gargajiya ta unguwa, kamarsa ba.

Tutar ce ta kai shi kotu. Rundunar asafo ta unguwarmu ta sa shi ɗinki, sai ya zana mutanen unguwar tudu a siffar ƙaguwa suna gudu cikin kwando. Ranar biki aka ɗaga ta, aka fasa kawuna. Alƙali ya yi masa ɗaurin talala: ya zauna gida lafiya, ya riƙa kai kansa wurin jami'i. Ya cika wa'adinsa sarai.

Da furfura ta fara fito masa, barikin sojan ruwa ya nemi tela. Aiki ne mai fansho, amma sai an tantance mutum kafin a ba shi izinin shiga. Da ya je nema, matarsa Esi ta raka shi, ni kuma na je shaidar hali, da kwat ɗina na coci.

Jami'in tantancewar matashi ne mai ladabi. Ya ce, "Egya," wato baba, "kada ka damu. Abin ya daɗe, ka gama talalarka, kuma da bakinka ka faɗa. Ƙaramin laifi irin wannan ba ya hana izini."

"Ƙarami?" in ji Bentsil. "Yaro, an haife ka lokacin? Har daga Kumasi aka kawo 'yan sanda!"

Esi ta take masa ƙafa. "Maigida, yi wa Allah ka rufe bakin nan."

Jami'in ya yi gyaran murya. "Amma dai ka yi nadama?"

"Ƙwarai. Na manta ban sa wa babbar ƙaguwar gemun shugabansu ba. In aka sake ba ni yadi, zan gyara."

Da aka juyo kaina, na ce gaskiya ba ya shan giya ranar Lahadi. Hakan bai taimaka ba.

Ba a ba shi izinin ba. Esi ta yi wata guda tana zuba masa miya ba kifi. Shi kuwa ya dasa keken ɗinkinsa a gindin mangwaro daura da ƙofar bariki. Har ya rasu, sojoji ne ke fitowa da wandunansu a hannu, suna layi a rana.