Yadda Muka Kai Wa Inna Zane

Sakkwato

Ana idar da sallar asuba ranar Litinin muka bar gida, ni da Balkisu 'yar yayata, da wani naɗin yadi mai kaurin turmi. Ni ne ɗan rakiya, ni ne kuma ɗan dako, domin tun da na yi ritaya daga koyarwa dangi suka yanke hukuncin cewa ba ni da abin yi.

Bari in faɗi mene ne naɗin nan. Balkisu zane-zane ta karanta a jami'a. Shekara biyu ta kwashe a kan aiki ɗaya: ta samo farin yadi mai tsawon gaske, ta zana gari sukutum a kansa da rini da zare, garin da babu shi a duniya, ta sa masa suna Garin da Ba a Jira. Duk hutu takan je ƙauyenmu da ke bayan Lambara a ƙasar Shagari, ta zauna cikin mata tana tambayar kowace, in an ba ki gari ki tsara, me za ki sa a ciki? Abin da suka faɗa shi ta zana. An gayyace ta ta kai shi bajekolin zane-zane a Abuja, karo na farko a rayuwarta, kuma ranar Alhamis za ta tafi. Sai ta kafe a kan lallai matan da suka ba ta garin su riga mutanen Abuja ganinsa.

Yayata ta rako mu bakin ƙofa. "Auta, amana ta. Yadda kat tahi da shi, haka za ka maido shi." Na haura sittin, amma a gidanmu har yau Auta nake.

A tasha direba ya so ya ɗaure naɗin a saman mota tare da buhuna. Balkisu ta ce sai dai a ɗaure ta ita. Ƙarshe aka kwantar da shi a kan cinyoyin fasinjojin baya, ba tare da an nemi ra'ayinsu ba.

"Mi na na wanga, Malam? Darduma?" in ji direba.

"Gari na," in ji Balkisu.

Ya dube ta, ya dube ni. "To, a riƙe shi da kyau."

Mun wuce mararrabar filin jirgi kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya ce a kwance. Muka warware masa bakin yadin a gefen titi, ya duƙa yana kallo, ya ga famfo ƙofar kowane gida, ya ga asibiti babu layi. Ya tambaya ina shinge a garin. Balkisu ta ce babu, domin babu wanda ake nema.

"To ni ina nike?"

"Kana gida kana barci."

Ya taya mu naɗewa da kansa. Ya ce in an fara raba filaye a tuna da shi.

Bodinga

Rana ta fito sosai muka sauka Bodinga. Akwai telan da Balkisu ta amince da hannunsa, Malam Ummaru, shi zai ɗinka wa yadin maɗaukai na ratayewa. Muka karya da koko da ƙosai a bakin shagonsa yana ta taka keke. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai a kan yadda na san shi, mai tuyar kuwa ta ce idona ne ya girma.

Malam Ummaru ya tambayi inda muka nufa, na faɗa masa. Ya ɗage ƙafa daga keke.

"Ashe ku na masu rabon zane?"

"Wane rabo?"

"Ai mai ɗakina tun jiya tat tahi, garin uwayenta na kusa da ku. Anka ce jikar Inna Hajo za ta zaka da zane daga Sakkwato, na kowa da kowa."

Inna Hajo mahaifiyata ce, kakar Balkisu. Na juya na dubi yarinyar nan, na ce ta maimaita mini abin da ta gaya wa Inna a waya. Ta ce cewa ta yi, Inna, ina nan tafe da zane, na kowa da kowa ne, a tara mini mata. Na daɗe ina koyar da Hausa, na juya maganar nan gaba da baya ban sami kuskure a cikinta ba. A fahimtar Inna ma ban samu ba. Wanda ake yi da alƙalami zane, wanda mata ke ɗaurawa zane, kuma a tarihin ƙauyenmu ba a taɓa tara mata domin na farkon ba.

Balkisu ta yi dariya, ta ce in mun isa za ta yi musu bayani. Malam Ummaru bai yi dariya ba. Ya ƙarasa ɗinkinsa, ya ce Allah Ya kai mu lafiya, ya ƙara da cewa mai ɗakinsa ba ta son ja.

Shagari

Wata tsohuwar mota mai kujera uku a baya da fasinja biyar ta kawo mu Shagari kafin azahar. Inna ba ta da waya, ta maƙwabta ake kira, ita kuwa a kashe take, wataƙila tana wajen mai caji. Na ja Balkisu muka shiga wajen masu atamfa, a zuwan ko za mu sayi abin da za mu fita kunya. Na tambayi kuɗin turmi ɗaya, aka faɗa mini, na yi wa mai shagon addu'ar kasuwa muka fito. Muka sha fura a gindin wata bishiya.

Daga nan sai 'yan kabu-kabu. Muka ɗauki biyu, ni da naɗin a kan ɗaya, ya yi mana gicciye har masu jakuna na kauce mana. Hanyar ta bi ta gefen fadama, albasa kore shar hagu da dama. Wanda ya ɗauko ni ya juyo yana magana cikin iska.

"Baba, tawa matar ma tana can. Don Allah a duba mata mai kauri."

Na ce ya dubi hanya.

Ƙauyenmu

Tun daga nesa muka ji guɗa. Tsakar gidan Inna ya cika, zaure ya cika, wasu suna zaune a inuwar danga da goyo. An ce tun hantsi suke jira. Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ci ado irin na ranar suna, tana amsa gaisuwa kamar wadda ta aurar da 'ya.

"Ga ƙawata! Ban ce muku ba?" ta ce da matan. "Auta, aje kayan a hankali."

Muka rataye yadin a jikin katanga, ya zagaye tsakar gida ya kusa haɗewa. Balkisu ta tsaya ta yi bayani mai kyau. Ta ce wannan gari ne da ake fata, an zana shi ne domin a kalla a yi tunani, kuma ranar Alhamis za a wuce da shi Abuja. Wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Ige ta taso, ta kama bakin yadin ta murza tsakanin yatsu.

"Yadi na ƙwarai," ta ce. "To ɗiyata, mun ji wa'azi. Yaushe za a yanka?"

Balkisu ta ce ba a yankawa. Wata daga baya ta ce ita tun daga Danchadi ta taho. Wata ta ce ta bar daka. Ba su ɗaga murya ba, sai dai duk suka juya suka zuba wa Inna ido. Na ga Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin tabarma wadda ba abin da ya same ta. Tun da nake ban taɓa ganin uwata cikin kunya ba sai ranar, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta kira Balkisu. Ni ma na bi, ba a kira ni ba.

"Naɗe kayanki, ƙawata," in ji Inna. "Ni ka zama da su, ba ke ba. In hita in ce musu kunnena ya tsuhwa. Su yi ta dariya har damina, su gaji."

"Inna, mi kic ce musu?"

"Na ce jikata ta yi karatu, ta tuna da mu. Gida gida nib bi." Ta gyara ɗaurin kallabinta ta nufi ƙofa.

Balkisu ta tare ta. Ta ce da ni, "Kawu, a samo min almakashi."

Na tuna mata Abuja. Na tuna mata shekara biyu. Na tuna mata uwarta, wadda ni za ta fara tambaya. Inna ma ta ce ba ta yafe ba in aka yanka saboda ita.

"Kunnenki lahiya lau yake, Inna," in ji Balkisu. "Ni nac ce na kowa da kowa na."

Aka samo almakashi a gidan wanzami. Da aka duba yawan matan aka ga zane ba zai zagaya ba, sai dai kallabi. Balkisu ta ce ba da awo za ta yanka ba, kowace ta zo ta nuna wurin da take so a garin.

A nan ne na ga abin da ban gani ba lokacin bayani. Ɗazu babu wadda ta kalli garin, yadin kawai suke aunawa da ido. Yanzu da ya zama sai an zaɓa, suka matso har hancinsu na taɓa shi. Wata ta gano injin niƙa mai aiki ba mai, ta ce wallahi ita ta faɗe shi bara. Mata uku suka yi cacar baki a kan rumbun da albasa ba ta ruɓewa a ciki. Wata mai tsohon ciki ta dafa asibitin da tafin hannu, aka bar mata. Gwaggo Ige ta bi katanga a hankali har ta kai wani ɗan ɗaki a ƙarshen gari, mai ƙofa a rufe da bishiya a gaba.

"Wanga ɗakina na," ta ce. "Ni nac ce a yi min inda zan kwanta da rana ba mai kiran sunana. Ashe kin yi shi."

Balkisu ta yanka mata. Mai ɗakin Malam Ummaru ta samu kasuwa, shuɗiya, babu ja ko ɗigo. Babban titi mai fitilu da shataletale, wanda ni na fi so a duk garin, babu wadda ta nema, sai da aka roƙi wata ta karɓa za ta yi majanyi. Kafin la'asar sakaliya katanga ta koma katanga. Inna ba ta ɗauki komai ba, tana zaune tana amsa godiya, ba ta yarda ta haɗa ido da jikarta ba.

Muka ci tuwon gero da miyar kuka, muka kwana.

Komawa

Da safe muna jiran 'yan kabu-kabu a ƙofar gida, mata suna wucewa zuwa rijiya. Makaranta ta wuce a kan wata, famfo a kan wata, suka tsaya suna gaisawa. Balkisu ta bi su da kallo har suka sha kwana. Inna ta fito da wani ƙunshi daga ƙasan adakarta, tsohon zanen saƙi ne baƙi, wanda na san tun muna yara ba ta bari a taɓa. Ta tura shi cikin jakar Balkisu.

"Kin zaka da zane, ba ki komawa hannu wohi."

A Shagari muka sami mota mai zuwa Sakkwato kai tsaye, bayanta dam da buhunan albasa. Kafin ta cika Balkisu ta koma gefe ta kira mutanen Abuja, ta ce aikin ba ya hannunta. Suka yi mata jaje, suka ce za su ba wani gurbin. Ta dawo ta zauna kusa da taga. Mun kama hanyar Bodinga na ga hawaye na bin fuskarta, ba sauti. Direba ya hango ta a madubi.

"Albasar bana akwai yaji, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Ta ce ba komai. Ni ma na ce lallai akwai yaji.

Mun iso gida ana kiran azahar. Yayata tana tsakar gida, ta ga hannuna babu naɗi.

"Auta, ina zanen?"

Na ce yana cikin jakar Balkisu, na ɗauki buta na nufi masallaci. Na daɗe a can.

Ina godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Malam Ummaru da ya ɗinka maɗaukan da suka yi aikin wuni ɗaya, da fasinjojin da suka riƙe gari a cinya ba su yi ƙorafi ba, da wanzamin da ya ba da aron almakashi. Yayata ta fara amsa gaisuwata, ita ma na gode.

Ranar Alhamis da ya kamata Balkisu ta hau motar Abuja na leƙa gidansu da hantsi. Na same ta tana shara, ɗaure da zanen Inna. Muka gaisa, ta kawo mini ruwa. Ban tambaye ta ko ta yi nadama ba, domin ina tsoron amsar.